Kaset ɗin Yaya Sani a Kan Kwano

A bazarar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, ranar kasuwar Makoda, na ratsa gonaki a guje ba takalmi, rairayi yana gasa mini tafin ƙafa, kaset a damƙe a hannuna. Robarsa ta lanƙwashe kamar busasshen ganye. Ina gudu ina kuka ina roƙon Allah ya sa in tarar da mai gyaran rediyo, domin muryar yayana Sani da ya rasu tana ciki, kuma ba ta ko'ina sai nan.

Waƙar asalinta ta Turawa ce. Tun da gidan rediyo ya fara sako ta Yaya Sani ya haukace a kanta, bai huta ba sai da ya samo kaset ɗinta a Kano da ya je cin rani. Jita ce ke ihu tun daga farko, ga ganguna kamar ana sussuka, ga wani ƙato yana tsage maƙogwaro. Baba ya ce, "Wannan ai injin niƙa ne ya lalace." Amma samari suka rungume ta. Ranar gayya a reshen ɗorawa ake rataye rikoda, fartanya tana bin kiɗan. Ba wanda ya san abin da take faɗa, don haka kowa ya sa mata nasa baitin. Mu 'yan mata muka mai da ita waƙar gaɗa, matan aure suka kai ta bakin turmi. Ba wanda ya kai Yaya Sani. Shi da gurminsa ya rera ta da Hausa yana tsokanar jakinmu mai taurin kai, ya naɗa a bayan kaset ɗin. A ƙarshe ana jin dariyarsa, da Inna daga nesa tana kiransa ya zo ya ci tuwo.

Sanƙarau ne ya ɗauke shi, ko hoto bai bari ba. Tun daga nan in Inna ta gama sharar tsakar gida sai ta zauna ta ce, "Hadiza, kunna mini yayanki."

A lokacin in batir ya yi sanyi, sai mu jera shi a kan kwanon ɗaki ya sha rana, ya ɗan farfaɗo. Ranar nan muryar Yaya ta dinga ja tana nauyi, irin yadda ta koma a kwanakin jinyarsa, har Inna ta toshe kunne. Ina tafiya rijiya sai Inna ta ɗora batir a kan kwano, ta haɗa da kaset ɗin. A ganinta abin da ke warkar da wancan zai warkar da wannan.

Mai gyara ya kwance shi, ya sake wa zaren gida, ya juya da biro, ya liƙa inda ya tsinke da jan farce. Da ya kunna, sai shuuu kawai. Na durƙusa a gabansa cikin mutane ina cewa ya sake gwadawa, don Allah, don Annabi. Ya sake. Ya ce, "Yarinya, ki yi haƙuri, rana ta cinye shi." Na dawo na tarar da Inna a tsaye a zaure. Tana ganin fuskata ta fashe da kuka. Ranar jana'iza ta daure saboda idon mutane, amma ranar nan har maƙwabta sai da suka shigo.

Yanzu waƙar tana cikin wayata, ta asali da ta waɗanda suka maimaita ta a ƙasashen da ban san sunansu ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ɓataccen yaro, babu mai gurmi a cikinsu. Bara na kunna wa Inna ta asalin, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ta kasa kunne har ƙarshe, sannan ta ce, "Wannan yayanki yake kwaikwayo, amma bai iya ba."

Ban gyara mata ba, domin ni ma haka nake jin ta.