Baba Sannu da Yoyon Tsohon Babur

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofa, Baba Sannu ya riga ya share rumfarsa, ya jera sufanu a kan buhu, ya zuba kananzir a tsohon kwanon da yake wanke notuna. Sai ya zauna a benci yana goge tabarau da gefen riga. Bakaniken tsofaffin babura ne, irin waɗanda kamfaninsu ma ya manta ya taɓa ƙera su. Masu babura ne suka laƙa masa Sannu, don in sauri kake yi, gara ka tura abinka gaba.

Mai facin da ke gefensa shaida ne a kan halinsa. Ya ga ranar da Baba ya jefa makullin wani mai haya a aljihu, ya ce babur ba zai bar rumfar da mataccen birki ba. Mutumin ya yi ta bambami har ya gaji, Baba bai ko ɗago kai ba sai da ya gama gyaran.

Amma ido ya fara ja baya. 'Yarsa ta fari ce ta fara faɗa masa a fuska.

"Baba, jiya a gabana kake laluben noti, alhali ga shi nan gindin ƙafarka. Ka huta haka nan."

"Hannu ke aikin, uwata," in ji shi. "Ido rakiya yake yi."

Ta san dalilin gardamar. Tun rasuwar mahaifiyarta, rumfar nan ce hirarsa da dariyarsa. In ya rufe ta, sai zaman ɗaki da rediyo, kuma abin da yake tsoro ke nan.

Ana cikin haka wani malamin dabbobi ya kawo babur ɗin da ya gada daga mahaifinsa, wanda da shi yake zaga ƙauyuka. Baba ya sauke injin, ya warware shi kaf, ya sake haɗa shi. Da aka buga ya tashi, har mai faci sai da ya bar tayar da yake liƙewa ya zo sauraro.

Ba a yi nisa ba malamin ya dawo yana tura babur, wando ya yage a gwiwa. Baƙin mai ya jiƙe tayar baya, ta kwashe shi a kwana.

"Baba, Allah ne ya tsare, da akwai mota a bayana da wani zancen ake yi," in ji malamin.

Nan take 'yan zaman benci suka yanke hukunci. Gaskit ne, wato takardar da ake sa wa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don ta tare mai. Mai kayan gyara ya sayar da jabu, ba yau ya fara ba. Malamin har ya juya zai je ya same shi.

"Zauna tukuna," in ji Baba. "Inda mai ke ɗiga daban, inda yake fitowa daban. Iska ke kwasar shi ta kai baya."

Ya wanke injin tas da kananzir, ya bar shi a rana ya bushe. Sannan ya ɗauko gwangwanin hodar jarirai ya barbaɗe shi fari fat.

"A'a, Baba, amarya za a kai?" in ji mai faci.

Baba ya ajiye gwangwanin. Ya tada babur, ya durƙusa har hancinsa na neman taɓa ƙarfe, yana jiran inda hodar za ta fara yin baƙi. Ta yi a saman injin. Ta yi a murfin gefe. Ta yi kuma a bayan sarƙa, duk kusan lokaci guda. Da gaskit ɗaya ne ya lalace, da wuri ɗaya zai jiƙe. Wannan kuwa wani abu ne ke turo man daga ciki. Ya sa yatsa a bakin siririyar robar da inji ke fitar da iska ta cikinta. Ko ɗan huci babu.

Da ya kwance murfin, farcensa ya gaya masa abin da idonsa bai gani ba. Ɗan hujin da iskar ke bi ya toshe da gam. Gam ɗinsa ne, shi ya shafa shi da yatsarsa ranar haɗi, ya bi ta kan hujin bai sani ba. Iska ta rasa hanya, ta tura mai ta kowace kafa. Ya san abin da wannan ke nufi.

Ba wanda ya lura. Da ya kankare gam ɗin da farce ya yi shiru, da mai kayan gyara ya sha zagi, shi kuma ya ci gaba da sana'arsa.

"Malam, matso ka gani," in ji shi. "Gaskit lafiyarsa lau. Ni na toshe nan. Ni na kayar da kai."

Baba ya juya ga murfin. Ya goge hujin da siririyar waya, ya ɗaga murfin sama, ya miƙa wa mai faci. "Duba mini, kana ganin haske ta ciki?" Mai faci ya ce yana gani, kuma wannan karon bai yi tsokana ba. Aka haɗa, aka sake barbaɗa hoda, malamin ya zaga gari ya dawo da ita fara yadda ta tafi. Da la'asar Baba ya kira 'yarsa a waya: "Uwata, zo ki taya ni kwashe kaya, zan rufe rumfa."

Baba Sannu, kai ne ka kama laifin da ba wanda zai iya kama ka da shi, ka faɗe shi da bakinka a gaban mutane. Kai ne ka ga ƙafar wani ta fi maka zaman rumfa daraja. Maganin injin da ya gagara, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idon nan haske.

Masu sana'ar hannu, ga abin koyi: a binciki aiki kafin a ɗora wa wani, in kuma naka ne ka ce naka ne. Babur ɗin yana kan hanya har yau, tayarsa a bushe. Wanda ya gyara shi kuwa yana gida, yana tashi da sassafe kamar kullum, ba inda za shi. Ku da ya taɓa hana ku tafiya da mataccen birki, ku leƙa ku gaishe shi, kuma kada ku je kuna sauri.