Tari Ɗaya Muka Kai Asibiti, Ni da Ƙawata

A lokacin da korona ta shigo, ni mace ce mai ƙarfi, ga baki. Ina da rumfar abinci a Shabu, kusa da garin Lafia, ɗalibai da 'yan acaɓa ne masu cinikina, kuma da hannuna nake daka sakwarar da nake sayarwa. Duk wanda ya zo mini da takunkumi a fuska sai ya sha tsiya. Nakan ce murar da muka sani ce aka canza wa suna don a tsorata talaka. Ina da wata ƙawa 'yar ƙabilar Eggon, ta girme ni, ita ke kawo mini doya daga gonarsu. Yaya nake ce mata.

Bayan an sake buɗe makarantu, sai zazzaɓi da tari suka kama mu kusan tare. Na sha citta da lemun tsami na ci gaba da daka, har ranar da taɓarya ta gagare ni ɗagawa. Mijina ya kai ni asibiti cikin garin Lafia, a can na tarar da Yaya a kwance tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Har dariya muka yi, tana cewa ko ciwo ba na barin ta ta yi ita kaɗai. Wallahi a ido ta fi ni jin jiki. Aka yi mana gwaji. Da sakamako ya fito, likita ya ce tata mura ce mai tsanani, irin wadda kan zo da sauyin yanayi, ni kuwa korona ce. Ban damu ba. Na ce wa mijina ya shirya, ni zan riga ta komawa gida.

Aka mayar da ni ɗakin da aka keɓe, inda ba a barin kowa ya zo dubiya. Da farko na ji sauƙi, har ina mitar a sallame ni. Sai abin ya juyo. Ba ciwo nake ji ba, iska ce kawai ba ta isata. In na tashi zuwa bayi sai in dawo ina haki kamar na yi gudu. Aka sa mini oksijin, aka ce in riƙa kwanciya rub da ciki. Wadda ke gadon da ke kusa da nawa wata malamar makaranta ce, ba ta kai ni shekaru ba, kullum zancenta bikin ƙanwarta da aka ɗage. Wata safiya ina kallo aka ja labule, aka tura gadonta waje. Ban tambaya ba, ba a kuma faɗa mini ba. Ranar na roƙi nas ta kira mini mijina a waya, na gaya masa wanda nake so ya riƙe kowanne cikin yarana.

Allah bai ƙaddara ba, na fito. Kafin nan Yaya ta daɗe da komawa gona. Ni kuwa na yi watanni ban iya daka ba, ga shi hancina da harshena sun mutu. Mai abinci ba ta jin ƙamshi! Na zuba gishiri har masu cinikina suka fara sulalewa. Da Yaya ta ji, sai ta riƙa hawo acaɓa kowace safiya ta ɗanɗana mini miya kafin ta wuce gona. Ta ce ba za ta zuba ido rumfar da ke cinye mata doya ta rufe ba. Ranar da na ji warin daddawa ya daki hancina, a bakin murhu na zauna ina kuka.

Da na koma ganin likita, na tambaye shi dalilin da ya sa ita ta miƙe ni na kusa tafiya. Ya ce kada in raina mura, ita ma tana kisa, musamman tsofaffi. Amma a abin da ya gani a gadajensa, masu korona sun fi buƙatar oksijin, sun fi daɗewa a kwance, kuma a cikinsu ya fi rasa mutane.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da suka cire takunkumi a rumfata don kunyar bakina. Ban san abin da ya sami kowannensu ba. 'Yan uwa, kamannin ciwo a farko ba ya nuna inda zai kai mutum. In tari ya zo da haki, ku je a gwada ku da wuri. In kuma ba ku sani ba, ku yi shiru, kada ku hana wani kare kansa.