Amanar Yumiko da Na Ci

Yau shekara bakwai cif da rasuwar Yumiko, matar yayana Mamman Sani, a hatsarin mota. 'Yar Japan ce; karatu ya kawo ta Paris, aure ya zaunar da ita a Saint-Denis. Ta musulunta, ta iya Hausa har tana jan ciniki da mahautan kasuwar Château Rouge. Hajiya, mahaifiyarmu, ta kasa faɗin sunan, sai ta raɗa mata Jummai.

Ni a farmasi, kantin magani, nake aiki a Lyon. Wata Asabar sai ga ta, ta hawo jirgin ƙasa tun daga Paris da takardar likita a ƙudundune kamar kayan sata. Tun tana budurwa ciwon mara ke kayar da ita duk wata, kwana uku tana amai. Likita ya duba ta, ya rubuta mata ƙwayar hana ɗaukar ciki, wadda muke kira pilil, domin tana kwantar da irin wannan ciwo. Farmasi nawa ne a Paris, jama'a? Amma tsoro take kada wata 'yar ƙasarsu ta gan ta. Ta ce a can an raine su a kan cewa ƙwayar tana lalata jiki, kuma mace mai kamun kai ba ta ma san hanyarta ba. Hukumarsu ta yi shekara da shekaru tana jan ƙafa kafin ta amince da ita, amma maganin ƙarfin maza cikin 'yan watanni aka sa masa hannu. Tir da wannan adalci! Ilimi har wuya, an bar mata suna murƙususu saboda kunya.

Wata biyu kwalin na jakarta kafin ta iya haɗiye ko ɗaya. Da ciwon ya lafa ta kira ni tana kuka: "Rabi, ashe haka sauran mata suke rayuwa?" Ta sa na yi mata alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, har mijinta. Shekara huɗu ina ba ta, bakina gum.

To, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. 'Yarta Hadiza, mai shekara sha bakwai, ta gaji ciwon. Bana za ta zauna jarrabawar bak ta gama sakandare, ta riga ta rasa ta gwaji tana kwance. Likita ya duba, ya rubuta mata maganin nan dai. Watan jiya na je Paris, na tarar Hajiya tana gidan, an kira kakar yarinyar ta Japan a bidiyo. Tsofaffin nan biyu ba su taɓa yarda da juna ba, ko a kan suna, ko abinci, ko inda za a binne Yumiko. Ranar kam bakinsu ya zo ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da zuciya, Hadiza kaɗai ke jin harsunan biyu, don haka ita ce tafinta. Tana dafe da mara, tana fassara hukuncin da ake yanke mata. Ta Japan ta ce maganin zai hana ta haihuwa. Hajiya ta ce, "Gaya mata ta yi gaskiya. Budurwa da ƙwaya? Uwarta ma haƙuri ta yi." Yaya kuwa yana latsa wayarsa, wai maganar mata ce.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A ɗakin nan ban gani ba. Da Yumiko na wurin, me za ta ce? Ina so in ce za ta tsaya wa 'yarta, amma na san halinta, tana iya sunkuyar da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Uwarta ba haƙuri ta yi ba. Shekara huɗu tana sha, ni ce mai ba ta. Hadiza, fassara." Ta fassara a hankali, ba ta tsallake ko kalma ba.

Hajiya ba ta sake ɗaukar wayata ba. Hadiza ta fara magani, ta koma lakkol wajen karatunta. Yumiko ta bar mata harsuna biyu, da tsabta, da dariya mai rufe baki da hannu. Shirun kawai nake addu'ar kada ta gada. Allah Ya jiƙanki, Jummai, ki yafe mini. Na zaci kowa a ɗakin nan yana da laifi ban da ni, sai da yarinyar ta raka ni tashar jirgi ta ce, "Gwaggo, tun ina sha uku nake birgima a gabanki. Kin sani fa."

Na sani.