Goron China da Na Miƙa wa Taubashina

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in nakan je Guangzhou ta ƙasar China sayen kwanuka da tocila. Yaren garin da abincinsa duk na jure, rashin goro ne ya kusa kayar da ni. Tun ina saurayi nake ci. Wanda nake zuwa da shi a jiƙaƙƙen tsumma ba ya daɗewa yake ƙarewa, sai in wuni ina hamma ina laluben aljihu.

A Huangpu, inda ake loda mana kaya a kwantena, wani direban babbar mota mutumin lardin Hunan ya lura da halin da nake ciki. Ya zaro 'yar leda ya miƙo mini wani abu baƙi busasshe, kamar dabinon da ya shekara a rana. Ya ce sunan abin binlang. Na tauna. Maƙogwarona ya shaƙe, fuskata ta ɗau zafi, gumi ya keto mini, daga nan kuma na ji garau, kasala ta tafi. A ranar na sa masa suna goron China, na riƙa miƙa wa duk wanda ya shigo ɗakina, kamar yadda ake miƙa goro a gida.

Da shekara ta zagayo, taubashina ya biyo ni, ɗan gwaggona, shi takalma yake saye. Muka kama ɗaki ɗaya a wani ƙaramin otal a titin Liuhua Lu. Wanda ya san taubasantaka ya san yadda muke: ina kiransa bawana, yana kirana bawansa, ba a taɓa raba gardamar ba. Tun muna yara, idan na ƙure shi da magana sai ya fizge hulata ya gudu. Mun yi gemu bai daina ba. Shi ba ya cin goro, ba ya shan taba, kullum asuwaki na bakinsa, haƙoransa fari tas. Yakan ce mini, "Bawa, rufe jan bakin nan, kar 'yan China su kira motar kashe gobara."

Wata Juma'a mun fito daga Masallacin Huaisheng tare da 'yan kasuwa 'yan'uwanmu, na ɓare leda na miƙa masa.

"Ungo goro."

"Ka san ba na ci."

"Ubangidanka ya miƙo maka goro a gaban jama'a ka ƙi karɓa? Ina tarbiyyar da gwaggo ta ba ka?"

Aka fashe da dariya. Ya juya abin a hannu ya ce, "Halal ne ma kuwa?"

"Ɗan itace ne. Tsoro dai kake ji."

Ya jefa a baki. Ba a jima ba ya nemi bakin titi ya zauna, yana fifita da hularsa, yana cewa a kira masa 'yan sanda bawansa ya ba shi guba. Mun yi dariya har da hawaye. Kafin mu koma gida ya fi ni ci, don ya ce yana hana shi gyangyaɗi a kasuwa.

A tafiya ta gaba, wani ɗalibi ɗan Damagaram mai karatun likita a garin ya ga na tofar da tuƙar abin bayan salla. Ya ja ni gefe cikin ladabi.

"Alhaji, ka yi haƙuri, in yi magana?"

Ya ce a asibitin da yake koyon aiki yana ganin masu cin wannan abu. Zarensa yana kankare fatar cikin baki, farar ƙasar da ake shafa masa tana ƙona wurin, kullum rauni a kan rauni. Ya ce bakin mutum kamar unguwa ne, cike da ƙananan halittu da ido ba ya gani, akwai na kirki akwai mugaye, kuma baki mai rauni mugayen yake yi wa daɗin zama. A hankali fatar ta ƙandare, baki ya ƙi buɗuwa sosai, farin tabo ya fito. Wasu daga nan sai ciwon daji.

Na ce, "Mai yawan asuwaki fa?"

"Asuwaki yana wanke haƙori, Alhaji, amma ba ya tare wannan." Ya sa na jera yatsu uku na tura a baki, suka shiga. Ya ce, "Alhamdulillahi. Ka bari tun yanzu. Kuma ka gaya wa ɗan'uwan nan naka, na ga ya fi ka ci."

Tsoro ya kama ni. Daga ranar ban sake sa shi a bakina ba.

Na koma otal da niyyar gaya masa. Na same shi a kan gado yana jera samfurin takalma, kumatu a kumbure. Na zauna, na rasa ta inda zan fara. Ni da shi ba mu taɓa yin magana ba wasa a ciki ba. Ko ranar da na je yi masa gaisuwar mahaifinsa, sai da ya ce in na gama in share ƙofar gida. Ban da haka kuma, in zan faɗa da gaske, dole in ce ni na ba shi, ni na kunyata shi a gaban mutane har ya karɓa.  Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Bawa, an ce abin nan zai ruɓar maka da baki."

"Bakin da ya fi naka kyau? Hassada ce." Ya fizge hulata ya zauna a kai.

Na yi dariya, na ce a raina ai na faɗa masa. Da ya tambaye ni me ya sa na daina, na ce yana ɓata mini ciki. Shekarun da bai samu zuwa ba yakan ce in taho masa da tsarabarsa, ni kuma in sayi kwali-kwali in cusa a kwantena tsakanin kwanuka. Ko sau ɗaya ban ce masa babu ba.

Wata Babbar Salla muna cin tuwo a gidansa, na ga yana yanka loma ƙanana yana tura su ta gefe, yana kauce wa yaji. Na san abin da nake gani. Yatsu uku ba za su shiga bakin nan ba. Na ce, "Ku dubi bawa yana cin abinci kamar amarya." Yaransa suka yi dariya, shi ma ya yi.

Bayan wasu shekaru gyambo ya fito masa a gefen harshe ya ƙi warkewa. Ya yi ta kurkure da ruwan gishiri, har dai matarsa ta matsa muka je asibiti a Kano. Likita ya tambaya ko yana shan taba ko giya, aka ce a'a. Matar ta ciro ledar goron China daga jaka ta ajiye a tebur. Likita ya ce ba zai iya rantsewa a kan dalili ɗaya ba, amma wannan abu sananne ne, kuma da an zo tun lokacin da bakin ya fara ƙandarewa, da aikin ya fi sauƙi. Ina tsaye a bayan kujera ina kallon ledar.

Aka yanke masa wani ɓangare na harshe da muƙamuƙi. Magana ta tafi. Ciwon kuma bai tsaya ba.

Ranar da na iya faɗa, matarsa ta fita alwala, daga ni sai shi. Na durƙusa a bakin gadon na gaya masa komai: ɗalibin, yatsu ukun, ƙaryar ciwon ciki, kwalayen, tuwon Salla. Na kira shi da sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Don Allah ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗago hannu da ƙyar, ya zare hulata, ya tura ta ƙarƙashin matashinsa, ya juya fuska bango. Na jira ya juyo, bai juyo ba. Na tafi gida kai ba hula.

Mutane suna ce mini ajali ne, kuma na yarda ajali ne. Bayan an yi bakwai matarsa ta aiko mini da hular a leda, a wanke a goge. Ta ce bai bari kowa ya taɓa ta ba har ya cika. Na tambaye ta ko ya yi wata alama a kaina, ta ce ita dai ba ta gani ba.

Hular tana cikin akwatina. Ban sake sa ta ba.