Mim Ɗin da Ruwan Sabulu Ya Cinye

Shekarun baya, lokacin da gine-gine masu gilashi suka fara yawa a Arkilla, na yi sana'ar wanke tagogi. Kafin nan wasiƙun ajami nake rubuta wa mutane a bakin kasuwa, har wayar hannu ta zo ta kashe mana sana'ar. Ina zaune ba aiki sai wani abokina, ɗan gidan mahauta a Ƙofar Rini, ya samu kwangilar wanke gilashin wani ofis mai hawa uku. Ya zo har gida a Runjin Sambo ya ce in zo mu yi tare. Tsangaya ɗaya muka yi da shi, amma na girme shi kuma na riga shi sauka, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Malam.

Kayan aikin ba su da yawa: bokiti, garin sabulu, soso, da waifa, wato ƙarfen nan mai roba a baki da ake ja da shi a share ruwa daga gilashi. Kowa da tasa. Wata huɗu muna aiki lafiya, har bazara ta shigo.

Nan ne gilashina ya fara fitar da zane. In na ja waifa sai ta bar layi siriri, rana tana bugawa kowa ya gani. Nasa kuwa tas. Na ƙara sabulu, na rage sabulu, na canza ruwa, na danna hannu har kafaɗata ta yi ciwo. Layin yana nan. Wata ranar Lahadi mai kula da ginin ya tsaya a bayana, ya nuna tagar da na gama, ya ce wa abokina, "Wanga ba aiki ba ne. Ko ku gyara ko mu nemi wasu." Abokina bai kare ni ba. Cewa kawai ya yi, "Za a gyara, in sha Allah."

Za a gyara. Na tafi gida ina juya maganar a raina. Wa za a gyara?

Daga nan na sa ido. Washegari da na dawo daga alwala na hango shi riƙe da waifata. Yana bin bakin robar da babban yatsa a hankali, leɓunansa suna motsi. Da ya ji takuna sai ya ajiye da sauri. Allah ya gafarta mini, abin da ya zo mini shi ne tofi yake yi mata. Sai na tuna akwai ƙanen matarsa da ya gama makaranta yana zaman gida ba aiki. Na haɗa wannan da wancan, labarin ya zauna daram: gurbina yake so ya ba yaron.

Ranar na ƙi cin abinci da shi. Ya buɗe takardar balangu ya turo mini, na ce azumi nake yi. Da na ga na yi ƙarya, dole na ƙarasa yinin ban sha ruwa ba, a zafin Sakkwato.

Ranar Talata muna tattara kaya na tsinci guntun kwali a cikin bokitinsa, a jiƙe, da rubutun hannunsa. Da ajami yake rubuta abubuwan da ba ya so ya manta, kuma babbaƙu zalla yake yi, ba wasali, ba ya ma damuwa da alif. Na ga sin da kaf, sai wani dabbare na tawada, sai Malam, sai Laraba. Ni da na yi shekaru ina karanta munanan hannuwa, ban ko yi jinkiri ba: a saki Malam Laraba.

Na kai wa mahaifiyata labari. Tana tsince shinkafa ta ce, "Ka tambaye shi?" Na ce me zan tambaya bayan na gani a rubuce. Ta ce, "To, kai ne mai karatu."

Laraba na sa farar rigata ta Juma'a, don in za a kore ni a kore ni da mutuncina. Na same shi a gindin ginin yana kwance wani ƙunshi daga bayan babur. Ban bari ya gama gaisuwa ba na miƙa masa kwalin.

"Ga ni. Laraba ta yi. Sai ka sake ni."

Ya dubi kwalin, ya dubi rigata. "Malam, mi kake hwaɗi?"

"Karanta."

Ya matsa da shi kusa da ido. "A sake ma Malam Laraba."

"Saki ka rubuta."

"Sake! Ga mim nan, ruwa ya cinye ta. A sake ma Malam. Roba, Malam, roba!" Ya buɗe ƙunshin, sai ga sababbin robobi baƙaƙe. Wani direba ne ya taho masa da su daga Kano, don irin masu kyau sun yanke a gari, kuma Laraba motar take isowa.

Ya yi dariya har ya dafa babur. Ni kuwa na tsaya da farar rigata. Na ce, "To tofin da kake yi mata fa?"

"Tohi? Tsagu nike ƙirgawa. Huɗu na samu."

Ya karɓi waifata ya kama yatsana ya ɗora a bakin robar. Ya ce gidansu haka ake jin wuƙa, ba a tambayar ido. Sabuwar roba tana da kaifi kamar gefen allo. Tawa ta dakushe ta zama kamar bayan cokali, ta yi tauri, ga tsagu ƙanana da farce ke kamawa. Kowace tsaga ita ce layi ɗaya a gilashi. Ya ce in baki ɗaya ya mutu sai a zare robar a juya ɗaya bakin, in shi ma ya mutu sai a jefar. Kada a jira ranar da aka ƙayyade, gilashi da yatsa su ne za su faɗa. Tawa ya riga ya juya ta a ɓoye tun watan jiya. Kuma ni na kashe ta da wuri, don kullum a kan sirdin babur nake barin ta cikin rana, ko in jingine ta bakinta a kan siminti.

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya daina dariya. "Kai ka biya mani allo, Malam. Ƙaƙa zan tsai da kai in ce ba ka iya ba?"

Kunya ce ta rufe masa baki, ni kuma na fassara ta da makirci. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗin in bar azumin nafila ranar da ya sayo balangu.

Ya zura sabuwar roba, ya datse ta daidai da ƙarfen. Na naɗe hannun riga na ja sau ɗaya. Ba layi.

Shekara shida muka ƙara yi tare kafin gwiwa ta hana ni hawan tsani. Abin da yake ba ni tsoro har yau ba kuskuren karatun ba ne. Dabbaren tawadar nan na gan shi, na san akwai harafi a ƙarƙashinsa. Tsallake shi na yi, domin na riga na gama hukunci tun ranar Lahadi. Kwalin yana nan a cikin gafakata. Duk ranar da na ji zuciyata ta fara haɗa wannan da wancan a kan wani bawan Allah, sai in ciro shi in duba.