Gam Bai Bushe Ba

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Kafinta yana gyaran kujeru a shagonsa na bakin titi, kuma dokokinsa biyu ne. Abin da aka haɗa ba a taɓa shi sai gam ya bushe. Kujerar da ya gyara kuwa, shi ke fara zama a kanta a gaban mai ita, har ya jijjiga ta. Taurin kai dai ba a magana, in ya ce a'a, ko za a kwana ana yi a'a ce.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Garin katako ne ya kwashe shi a ƙofar shago, sai ga shi tim a ƙasa. A asibiti hoto ya nuna ƙashin cinya ya karye daga sama, dab da ƙugu. Likita ya yi masa bayani dalla-dalla: za a zura dogon ƙarfe ta tsakiyar ƙashin, inda ɓargo yake, a ɗaure shi da ƙusa sama da ƙasa. Baba ya gyaɗa kai, tsarin ya kwanta masa.

Washegarin tiyata rigima ta tashi. Nas ta kawo ƙarfen dogarawa ta ce, "Baba, yau za a ɗan taka."

Ya dube ta sheƙeƙe. "Jiya-jiya aka haɗa, yau a ɗora nauyi? Ke 'yar nan, ina kika koyi aiki?"

Kwana huɗu yana kwance kamar gungume. Tari ya soma kama shi, gadon bayansa ya yi ja. Likita ya ja babbar 'yar Baba gefe ya gaya mata gaskiya: tsohon da ya daɗe a kwance, sau da yawa ba ya sake tashi. Tsoro ya kama ta ba kaɗan ba. Amma a shagon nan ta girma, ta san lallashi ba ya cin Baba.

Ta zauna a bakin gadon. "Baba, kujerar mai askin nan da ka zura wa rodi a ƙafa, kwana nawa ka jira?"

"Wane irin jira? Ai ƙarfe ne ke riƙe da ita, ba gam ba."

Bakinsa ya faɗa, kunnensa ya ji.

"To likita ya gama nasa," in ji ta, "kuma ba zai iya hawa ƙafarka ba. Wa zai fara gwadawa?"

Ya ja tsaki, ya ce a miƙo masa ƙarfen dogarawar. Zafi kam ya sha, gumi na tsattsafo masa, amma ya miƙe. Taku ɗaya, biyu, uku. Sai ya tsaya ya fara jijjiga ƙafar.

"Kai, Baba, ban da wannan!" in ji nas.

"A gaya wa yaron nan likita aikinsa ya yi," in ji Baba. 'Yarsa ta juya wajen taga tana share hawaye, don kada ya gani ya yi mata faɗa.