Jirgin Kawu Mai Kushin

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗinkin kujerun mota ne sana'arsa, shi ya sa duk layinmu ake ce masa Mai Kushin. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kullum cike da yankakken soso da warin gam, keken ɗinki a bakin ƙofa, fatu rataye a bango. Gajere ne mai yawan dariya. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman hira a bakin titi. Abu guda ke ɗauke masa hankali: tsofaffin motocin Amurka, dogayen nan masu faɗin goshi da ƙarfe mai ƙyalli, waɗanda bayansu ya tashi kamar fikafikai.

Tun yana koyon aiki abin ya kama shi. An kawo wa maigidansa wata Kadilak a sake mata rufin kujeru, aka tura shi ya kwance kusoshi, ya zauna a ciki ya manta abin da ya kai shi. Har yau yakan ce, "Sauran motoci hawansu ake yi. Wannan kuwa zama ake yi a cikinta."

Sai da furfura ta fito masa kafin ya sami tasa. A bayan garejin wani abokinsa bakanike ya gan ta, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Bakaniken ya ce, "Ɗauke ta, don Allah, ka ba ni wuri." Suka yi musayar aiki: shi ya tayar da injin, Kawu ya ɗinka masa kujerun falo. Sauran gyaran ya ci shekaru. Aka yi mata fenti ruwan madara, Kawu ya rufe kujerun da jar fata, ɗinki a jere kamar an auna da zare. Ranar da ta fara shigowa layinmu, mai shagon da ke kwanar layin ya leƙo ya ce, "Wannan ai jirgi ne!" Sunan ya bi ta.

A nan aka gano ta fi garejin gidan tsawo. Kawu ya shigar da ita har ta kusa taɓa bango, amma bayanta na waje, ƙofa ta ƙi rufuwa. Bayan bangon nan kuwa siton matarsa ne, wadda muke kira Inna, inda take ajiye tukwane da buhunan hatsi. Ya yi ta zagaye yana gyaran murya.

Inna ta ce, "Malam, faɗi abin da ke bakinka."

"Bulo kaɗan ne za a cire. Hancinta kawai zai leƙo."

"Hancinta? To, in ya leƙo ɗakina ya zama nawa."

Haka aka yi. Aka fasa bango, gaban Jirgi ya shiga sito, Inna ta shimfiɗa tsohon zane a kan bonet tana kife kwanoni. Duk ranar da Kawu zai fita, sai ya yi sallama a ƙofar sito ya roƙi a kwashe kaya.

Ba ya gudu da ita. Ranar hutu yakan wanke ta, ya goge bamba har ya ga haƙoransa a ciki, ya sa hannu ɗaya a sitiyari ya bi titi a hankali. Maƙwabta suna tsokanarsa cewa in gabanta ya wuce, mutum zai gama gaisuwa kafin bayanta ya iso. Masu gidan mai kuwa da fara'a suke tarbarsa. In an ce masa tana shan mai, sai ya ce, "Babba ce, ba za ta ci abincin yara ba."

Daga baya idonsa ya fara hazo. Zare ya daina shiga allura, fitilun titi suka zama biyu-biyu. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, za a yi aiki, amma kafin nan ya ajiye tuƙi. Jirgi ta zauna, Kawu ya rage magana. Wata rana na je gaishe su na tarar da shi zaune a cikinta cikin gareji, injin a kashe, hannunsa a kan sitiyari.

Inna ta fito daga sito tana goge hannu, ta tsaya ta dube shi.

"Malam, ba ni makullin."

"Ki yi me da shi?"

"In dafa. Koya mini za ka yi."

Inna ta haura sittin, ko keke ba ta taɓa hawa ba. Na ɗauka wasa take. Amma washegari ni na tuƙa su zuwa wani fili a bayan makaranta. Da ta zauna, sitiyari ya rufe mata fuska, ba ta ganin komai sai sama. Kawu ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Ya koma shago ya ɗinka mata matashi mai kauri da lalube, ya yi masa rufi da ragowar jar fatar.

Motar da kanta take canza giya, saboda haka birki da totur kaɗai ne aikin. Kwana ce ta ba ta wuya. Kawu na gefe yana cewa, "Buɗe hannu, Uwargida! Ki tuna akwai rabin mota a bayanki!" Ita kuma tana cewa, "Kai da ba ka gani, yi mini shiru!" Ta taka kwandon shara, ta kori awaki, sau ɗaya ta shiga tsakiyar masu buga ƙwallo suka tsaya suna tafa mata. Ba ta fasa ba har ta karɓi lasisi.

Ranar aikin ido ita ta kai shi asibiti. Maigadi ya hango Jirgi ya buɗe ƙofa duka biyu, ya ƙame yana jiran ya ga wane babba ne, sai ga Inna a kan matashi tana ɗaga masa hannu.

Aiki ya yi kyau. Da likita ya ba shi izinin tuƙi, Kawu ya dawo gida ya miƙa hannu.

"Makullina."

Inna ta ɗaure shi a bakin mayafi. "Wane naka? Zuwa ni, dawowa kai."

Ya yi ƙunƙuni, ya ce a gaban 'yar yayarsa ake yi masa fashi da rana tsaka. A haka suka daidaita, kuma a haka suke har yanzu. Sai dai Inna ta fi shi gudu. In suka fita tare, tun daga kwana ake jin muryarsa yana roƙonta ta sassauta, ita kuwa tana danna hon tana gaida mutane ta taga.